Man Zafi a Hannun Maharbi

Orrin Baskett mijin yayata ne, kuma ban gane abin da ta gani a jikinsa ba sai da duk muka tsufa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi, saboda ƙarar zarto a ma'aikatar katako ta garinmu, inda ya yi aiki har ranar da aka sa wa ƙofar wurin kwaɗo. Ba ya barin duwatsun jiharmu ta Idaho sai in an yi rasuwa a dangi. Ba ya sha, ba ya rawa, hira kuwa sai an matse shi. Ka tambaye shi lafiya, ya ce maka "da sauƙi," kamar wanda ya tashi daga jinya.

Duk tsawon shekara mutum ne mai daɗin zama, ban da watan Satumba. A watan ake buɗe farautar baka, a watan ne kuma gwankin dutse, wanda muke kira elk, yake neman mata. Bijimin yakan tsaya a gangare ya saki kukan nan da ke farawa da gurnani ya ƙare da fito, sai ka ji gashin jikinka ya tashi. Da Orrin ya ji wannan kuka, gida ya shiga uku.

Matsalar ita ce hanci. Mai bindiga yana iya harbi daga wancan dutse zuwa wannan. Mai baka kuwa dole ya matso kusa, tazarar jifa da dutse. Gwanki yakan hango mutum ya tsaya yana tantama, yakan ji taku ya zaci ɗan'uwansa ne, amma wari ba ya yi masa gardama. Da iska ta kai masa warin mutum, kai da shi sai baɗi.

Saboda haka Orrin ya kafa dokokinsa. Kayan farautarsa suna cikin buhu da tazargade da ganyen itatuwan dutse, a rataye a bayan gida. Ba sabulu mai ƙamshi, ba suya, ba albasa. Ya daina kwana a ɗaki, sai a baranda, wai kada warin gida ya kama shi. In ya sa kayan nan, ko matarsa ba ta isa ta taɓa shi ba. A watan Satumba aka ɗaura mini aure, don rashin dabara irin tawa. Orrin ya zo, amma a waje ya tsaya ta taga, saboda turaren mata. Har mahaifiyarmu ta mutu ba ta yafe masa ba.

Yayata Leota ba ta taɓa ƙorafi ba, don ita ma ciwon ya kama ta. Tare suke hawa dutse tun suna amarya da ango. Ita ce kunnensa: in bijimi ya yi kuka, ita ke nuna masa wajen da yatsa. Ita ce kuma mai kira. Takan zauna can baya, ta gefen damansa inda kunnen ke aiki, ta sa ɗan abin busa a baki ta yi kukan mace, bijimi ya taho nemanta ya biyo ta gaban Orrin. A aljihunta akwai wani ɗan gwangwani cike da audugar tumfafiya da take tarawa a bakin rafi. Lokaci-lokaci ta saki ƙwara ɗaya ta bi ta da ido. Da sassafe iska mai sanyi gangarowa take yi, in rana ta ɗumama dutse sai ta juya ta hau sama, a tsakani kuwa ta yi ta walagigi. In audugar ta nufi wajen dabba, Leota ta yi fito irin na tsuntsu, Orrin ya janye. Ran da suka dace, da yamma dokar albasa ta faɗi. A soya hanta, a ɗora ƙashin wuya a wuta, kuma Leota ce ke fara kurɓar romon.

Haka suka yi shekara arba'in da 'yan kai. Ba su haihu ba. Mutane sun yi ta tausaya musu, ni dai ban ga alamar suna buƙata ba.

Sannan ciwon daji ya shiga ƙashin Leota. Mijina ya riga ya rasu, don haka na kulle gidana na koma nasu. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa da ƙwayoyi, suna kuma aiki gwargwado. Amma da asuba ƙafafunta sukan riƙe, ta yi ta cije leɓe, kuma ba abin da ke sassauta mata sai a murza su da man zafi, irin mai ƙarfin nan da ke sa ido ruwa. Na gwada yi mata. Ta ce, "Verla, ƙafa ce, ba gindin tukunya ba." Daga ranar aikin ya zama na Orrin. Yakan ɗumama man a tafinsa, ya fara daga agara ya hau gwiwa, a hankali, har sai ya ga goshinta ya saki.

Kafin Satumba ta kusan daina cin abinci. Kwai, dankali, kunun hatsi, duk sai ta kau da kai. Wata safiya muka ji kukan bijimi daga dutsen da ke bayan gari. Ta buɗe ido.

"Ka ji shi?"

"Ina fa zan ji," in ji Orrin.

"Yana can sama da tsohuwar hanyar katako." Ta juyo ta dube shi. "Romon wuya nake marmari. Sabo. Wanda ka harbo."

Wannan ne abu na farko da ta nema da bakinta tun bazara. Orrin ya tashi ya fita, na hango shi ta taga yana sauke buhun nan.

Aka rasa mai kira, sai ni. Leota ta koya mini daga kan gado.

"Sake yi."

Na busa.

"Wannan ai akuya ce mai mura. Sassauta harshe, ke. Mace ce ke kiran namiji, ba mai gida ke korar kare ba."

"Yaya, ni ko mijina ban taɓa kira da taushi ba."

"Shi ya sa ya riga ki tafiya."

Washegari da asuba, kafin mu fita, Orrin ya shiga neman kwalbar man zafi bai gani ba.

"Ina kwalbar?"

"Ta ƙare," in ji Leota.

"Jiya na buɗe ta."

"To ɓera ya shanye."

"Leota."

"Kai tsohon nan, ka yi hankali mana. Ka shafa wannan abu sannan ka hau dutse? Gwankin da ke can wata jihar, Montana, ma sai ya yi atishawa. Ka tafi abinka. In Ardis ta zo ta shafa mini."

Ardis maƙwabciyarmu ce, ita ke zama da ita in mun fita, amma ba ta iya zuwa sai ta sallami jikokinta makaranta. Kafin nan Leota ta sha wuya. Orrin ya sani, ita ma ta sani. Ya tura hannu ƙarƙashin matashinta ya zaro kwalbar.

Na ce, "To ka sa safar hannu ta roba mana, mijin yaya. Ga su nan ma'aikaciyar jinya ta bari."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Saniya zan duba?"

Ya zuba man a tafinsa ya ɗumama, ya kama ƙafarta. Tana ta masifa, tana ce masa mai taurin kai, jaki, mai ɓarnatar da wata guda. Ya ci gaba da murza. Can muryarta ta yi ƙasa, ta koma barci.

A waje ya wanke hannu da toka, ya cuɗa da laka, ya murza tazargade har fatar ta yi ja. Ya miƙo mini. "Shinshina."

"Kamar ɗakin 'yan dambe," na ce.

Haka muka yi ta yi kullum. Ya murza mata ƙafa, ya wanke hannu a banza, mu hau a-kori-kurarsa zuwa ƙarshen tsohuwar hanya, mu taka sauran da ƙafa, tsoho da tsohuwa, muna haki. Satumbar shekarar nan mai rikici ce, iska ba ta da tsari. Lokacin da ya kamata ta gangaro sai ta hau. Sau da yawa mukan ji garke a gabanmu, kafin mu isa sai karyewar rassa kawai, sun tafi. Mu dawo, Leota ta tambaya, Orrin ya ce, "Iska." Ita kuwa kullum ƙara ramewa take yi. Zoben aurenta ya fara zamewa, ya ɗaure mata shi da zare.

Ranar ƙarshe ta farautar baka ta zo da hadari. Tun daga gida muna ganin gajimare yana taruwa a kan duwatsun yamma. Duk mai hankali ya san ba ranar baka ba ce. Amma gobe doka ta rufe, kuma ba wanda ya ce mana Leota za ta ga wata Satumbar. Da safen nan ma sai da ya murza mata ƙafa. Wannan karon ba ta yi masifa ba. Ta dai danƙa mini gwangwanin audugarta, ta ce, "Ki zauna ta damansa. Kada ki manta."

A sama iska tana kaɗa kan itatuwa, suna ƙara kamar tsofaffin ƙofofi. Ta buge ka a fuska, ta ɗauke ɗif, sai ka ji ta a ƙeya. Mun daɗe muna tafiya ba mu ji komai ba. Ina shirin cewa gwiwata ta gaji ke nan, sai ga kukan, kusa ƙwarai, daga wani lungu mai duhun itatuwa a ƙasa da mu. Na taɓa kafaɗar Orrin na nuna masa.

Ya karɓi ƙwarar auduga ya saki. Ta taso ta wuce ta kan kafaɗunmu, ta yi baya. Iska daga wajen dabbar take zuwa. Ya gyaɗa kai, ya nuna mini wani kututture in zauna, shi kuma ya lallaɓa gaba ya durƙusa a gindin wani itace, ya ɗora kibiya a tsirkiya.

Na busa. Ban sani ba ko tsoro ne ya sassauta mini harshe, amma ranar kukan ya fita daidai. Bijimin ya amsa tun ban rufe baki ba. Na ji yana dukan wani ƙaramin itace da ƙaho. Na sake busawa a hankali. Sai ga shi.

Na ga gwanki da yawa a rayuwata, yawancinsu a rataye. Wannan ya fito daga duhu, wuyansa baƙi ƙirin da laka, ƙahonsa kamar an tumɓuke itace an ɗora masa. Yana tafe yana tsayawa. Tsohon bijimi ba ya zuwa kai tsaye. Yakan yi kwana ya bi ta ƙasan iska don ya shinshina wadda ke kiransa. Shi ma hakan ya fara, kuma kwanan nan ne ya kawo shi fili, gefensa duk a buɗe ga Orrin.

Orrin ya ja baka. Na ga tsokar bayansa tana rawa.

Na saki ƙwarar auduga. Ta tsaya cak a gaban hancina. Ta yi juyi kamar mai neman hanya. Sannan wata iska mai ƙarfi ta bugo daga bayanmu, ta fizge ta, ta wuce da ita ta gefen kunnen Orrin, kai tsaye wajen dabbar. Rassa suka hau kaɗawa ta ko'ina, hulata ta tashi. Na yi fiton tsuntsu yadda Leota ta koya mini.

Bijimin ya ɗaga hanci sama. Bai gudu nan take ba. Ya tsaya, numfashi ɗaya ko biyu, idonsa a waje. Orrin yana riƙe da baka a jaye, kan kibiyar yana lilo da iska. A raina ina cewa, saki, saki mana, tsoho.

Ya sassauta tsirkiya a hankali, ya sauke.

Dabbar ta juya. Duk lungun ya ɗauki ƙara kamar dutse ya rushe, matan da ba mu ma gani ba suka bi shi. Sai iska kawai.

Na taso da ƙyar na same shi. "Me ya hana ka? Yana gabanka kamar ƙofar gareji!"

"Iska."

"Iska, iska! Wata guda ba ka da wata magana sai iska. Me za mu kai mata?"

Ya zare kibiyar ya mayar da ita wurinta. "A irin wannan iska, kibiya ba ta zuwa inda aka aike ta. In ta kauce ta same shi a ciki, tafiya zai yi da ita. Ya je ya kwanta a wani kwazazzabo, ya yi kwana da kwanaki kafin ya mutu." Ya goge hanci da bayan hannu. "Ina ganin irin wannan kullum da asuba, Verla. Ba zan sa wa wani ba."

Da ni ce, da na saki kibiyar. Har yau in aka tambaye ni, haka zan ce. Amma ba ni ke riƙe da bakan ba.

Na zaci mota za mu nufa, sai na ga ya gangara cikin lungun da bijimin ya fito. Na bi shi ina mita. A can akwai makwancinsa, ciyawa ta kwanta faɗin gado, a jiƙe, har da sauran ɗumi. Wanda bai taɓa jin warin bijimi a watan Satumba ba, ba zan iya kwatanta masa ba: fitsari ne da laka da wani abu mai kauri kamar tsohon sirdi. Orrin ya durƙusa ya tumɓuki ciyawar dam guda. Ya je wajen ƙaramin itacen da dabbar ta yi wa duka, ya ɓanɓari ɓawon da gashi ya maƙale a jiki. Ya cire hularsa ya cusa su ciki.

"Kada ka ce mini da wannan ƙazantar za mu shiga mota."

"In ba ki so, ga hanya nan, ki taka."

Da gilashi a sauke muka dawo, yayyafi yana dukan fuskata.

Leota ta san ƙarar motar nan in tana ɗauke da nama, ta san ta in ba komai. Muna shiga ta ce, "Ba nauyi."

"Babu," in ji Orrin.

Ardis ta toshe hanci ta ce ita ta tafi, jikoki na jira. Orrin ya zauna a bakin gado da kayan farautarsa a jiki, abin da ban taɓa gani ba, ya ajiye hular a ƙirjin matarsa. Ta dube shi, ta dubi hular. Ta sa yatsu ta ɗebo ciyawar ta kai hanci. Ta rufe ido ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda ta daɗe ba ta ja ba.

"Babba ne," ta ce.

"Babba."

"Tsoho kuma. Ya yi birgima a laka da safen nan." Ta sake shinshinawa. "A lungun nan mai duhu, ƙasa da hanya?"

"Nan."

"Na faɗa maka tun bara can yake kwana. Wa ya kira shi?"

"Ƙanwarki."

"Akuyar nan? Lallai bijimin ya matsu." Ta buɗe ido. "Faɗa mini. Daga farko. Kada ka tsallake komai."

Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a jere ya zauna ya ba ta labari tun daga inda muka ajiye mota. Inda ya manta, na cika. Da ya zo wajen da ya sauke baka, sai ta gyaɗa kai. Sannan ta kamo hannunsa ta kai hanci. Duk da toka da laka da ciyawar gwanki, man zafin yana nan.

"Wannan ne ya kore shi," ta ce. "Ni na kore shi."

"A'a. Iska ta juya. In iska ta juya, ko a rafi na kwana sai ya ji ni. Mutum warin mutum yake yi."

Ta ƙura masa ido. "To shekarun nan da ka yi kana kwana a baranda fa? Ka bar ni ni kaɗai cikin sanyi, ko soya kwai ba dama?"

Ya sosa ƙeya. Ya daɗe yana tunani, don shi ba ya amsa da gaggawa.

"Wauta ce," ya ce.

Leota ta fashe da dariya. Dariyar ta taɓa mata ciwo, ta riƙe haƙarƙari, hawaye na zuba, amma ta kasa dainawa. "Verla, kin ji? Ki zama shaida. Aurenki ma ta taga ya kalla!"

Na bar su na shiga kicin. Akwai ƙashin wuyan shanu da na saya a mahauta tun farkon mako, don ni ban taɓa dogara da baka ba. Na ɗora shi a wuta da albasa mai yawa. Da ya nuna na kawo mata a kwano. Ta leƙa.

"Na shanu ne."

"Na shanu ne. Ki sha ko ki bari."

Ta jawo hular kusa da kumatunta, ta ja numfashi a cikin ciyawar, sannan ta buɗe baki Orrin ya ba ta cokali ɗaya. Ta riƙe a baki kafin ta haɗiye. Ta sake shinshinawa, ta sake buɗe baki. Haka suka yi ta yi har aka ga gindin kwano.

"Da warin nan a hanci, ya yi kama," ta ce. "Amma gishiri ya yi yawa."

Hular ta zauna a gefen matashinta har ciyawar ta bushe. Ma'aikaciyar jinya ta yi magana sau ɗaya, Orrin ya juya mata kunnensa na hagu. Leota ta ci gaba da shan romon shanu kaɗan-kaɗan da hular a kusa, har zuwa lokacin da haɗiya ta gagara. Ta rasu bayan dusar ƙanƙara ta farko ta rufe hanyar dutse.

Orrin ya yi wasu shekaru bayanta. Ya ci gaba da hawa dutse a Satumba muddin ƙafa na ɗaukarsa, da gwangwanin audugar a aljihu, amma buhun nan bai sake rataya shi ba, kuma a ɗaki yake kwana. Ni ce mai yi masa kiran gwanki har gwiwata ta ƙi. Mun dace sau ɗaya, da wata safiya mai tsit, ya ba ni romon na fara kurɓa.

Duk tsawon shekarun nan, in na zauna kusa da shi a coci, warin man zafi nake ji. Wata Lahadi na gaji na tambaye shi. Ya ce kafaɗarsa ce ke damunsa. A makon nan na gan shi yana faskare itacen hunturu, yana ɗaga gatari sama da kansa. Ba abin da ya sami kafaɗar.